Wa Ke Binciken Mai Bincike?

Ranar 30 ga Yuli 2002 Shugaban Ƙasar Amurka na wancan lokaci, George W. Bush, ya rattaba hannu a kan wata doka wadda ta sake fasalin yadda kamfanonin da ke sayar wa jama'a hannun jari suke tsara lissafin kuɗinsu, da kuma yadda ake bincika lissafin. An fi sanin dokar da sunan mutane biyun da suka gabatar da ita, watau Sanata Paul Sarbanes na jihar Maryland da Michael Oxley, ɗan Majalisar Wakilai daga jihar Ohio, waɗanda jam'iyyunsu ma ba ɗaya ba ne. Kwana biyar kafin nan Majalisar Wakilai ta amince da ita da ƙuri'a 423, mutum uku kacal suka ƙi, a Majalisar Dattijai kuwa aka sami ƙuri'a 99 ba tare da ko mutum guda ya ɗaga hannu ya ƙi ba. Duk wanda ya san yadda 'yan majalisun ƙasar nan suke ja-in-ja a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya san ruwa ba ya tsami banza.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan ma'aikacin sakatariya ko ɗalibin sashen akanta da dokar wata ƙasa wadda ta haura shekara ashirin? Ruwansa kuwa babba ne. Wasu sassan dokar an kwaso su kusan kalma da kalma an zuba cikin dokokin Nijeriya, kuma su ne ɗalibai ke rubuta kundin bincike a kansu kowace shekara. Daɗin daɗawa, tun daga 2004 da aka sake tsarin fansho, kuɗin da ake cirewa daga albashin ma'aikatan Tarayya da na jihohin da suka shiga tsarin ba a ajiye su cikin akwati. Ana juya su ne, wani kaso kuma yana shiga hannun jarin kamfanoni da takardun bashinsu. Bisa dokar 2014 ma'aikaci na ba da kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki na ba da kashi 10. Saboda haka akawun da bai taɓa leƙa kasuwar hannun jari ta Legas ba yana da abin da zai rasa ranar da wani kamfani ya yi ƙarya a takardun lissafinsa.

Abin da ya haifi dokar shi ne rushewar kamfanin Enron na birnin Houston, mai cinikin iskar gas da wutar lantarki. A shekarar 2000 kamfanin ya ce cinikinsa ya haura dala miliyan dubu 100, abin da ya sa shi a matsayi na bakwai cikin manyan kamfanonin Amurka, hannun jarinsa guda kuwa ya kai kimanin dala 90 a watan Agusta na shekarar. Kafin ƙarshen Nuwamba 2001 wannan hannun jari bai kai dala ɗaya ba. Ranar 2 ga Disamba kamfanin ya kai kansa kotu ya ce ya karye, kashegari aka sallami ma'aikata wajen 4,000 a hedkwatarsa.

Yadda aka yi wannan ɓarna ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba da bindiga aka yi ta ba, da alƙalami ne, kuma yawancinta an yi ta a gefen ƙa'ida, ana raɓe da ita. Dabara ta farko ita ce ta rubuta riba tun ba a same ta ba. Idan kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar sayar da gas ta shekara goma ko ashirin, sai ya ƙiyasta ribar da yake tsammani a dukkan waɗannan shekaru, ya shigar da darajarta cikin littafi tun ranar da aka sa hannu. Wanda ke yin ƙiyasin kuwa shi ne wanda ladansa na ƙarshen shekara ya dogara a kan girman ribar. Dabara ta biyu ita ce ta ɓoye bashi. Ƙa'idar lissafi ta wancan zamani ta yarda kamfani ya kafa wani ƙaramin kamfani na musamman, ya ƙi haɗa bashinsa da nasa, muddin wani na waje ya zuba aƙalla kashi 3 cikin 100 na jarin kuma iko yana hannun na wajen. Enron ya kafa irin waɗannan da yawan gaske, ya riƙa tura musu kadarorin da suka lalace da basussukan da ba ya so a gani. A wasunsu ko kashi ukun bai cika ba. Wasu kuwa babban jami'in kuɗin Enron ɗin da kansa, Andrew Fastow, shi ke tafiyar da su, watau yana ciniki da kamfanin da ke biyansa albashi, shi ne mai saye shi ne mai sayarwa, har ya tashi da fiye da dala miliyan 30. Hukumar daraktoci ta san da wannan, ta kuma ɗage masa ƙa'idar da ta hana haka.

A watan Agusta 2001 wata babbar ma'aikaciyar kamfanin, Sherron Watkins, ta rubuta wa shugaban kamfanin, Kenneth Lay, takardar gargaɗi cewa lissafin nan zai iya kifar da su. Aka ba lauyoyin da suka saba yi wa kamfanin aiki su duba, suka ce babu buƙatar zurfafa bincike. A watan Oktoba kamfanin ya sanar da hasarar dala miliyan 618 cikin wata uku, a Nuwamba kuma ya amsa cewa ribar da ya yi ta shela tun 1997 an ƙara mata gishiri na kusan dala miliyan 600. Waɗanda suka fi shan wuya su ne ƙananan ma'aikata, domin fiye da rabin asusun fanshonsu yana cikin hannun jarin kamfanin ne, kuma a daidai makonnin da farashi ke zubewa an rufe asusun saboda ana sauya masu kula da shi, ba su da damar sayarwa. Manya kuwa da yawansu sun riga sun sayar da nasu.

To, ina masu binciken lissafi suke duk tsawon wannan lokaci? Suna nan, har ofis gare su a cikin ginin Enron. Kamfanin Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin oditoci biyar na duniya a lokacin, shi ke sa hannu kowace shekara cewa lissafin ya nuna gaskiyar halin da ake ciki. A shekarar 2000 kaɗai Enron ya biya shi dala miliyan 52: miliyan 25 na aikin bincike, miliyan 27 na ba da shawara da sauran hidimomi. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan irin wannan zama, da suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da hukuma ta fara tambaya, ma'aikatan Andersen suka shiga yayyaga takardun Enron da na'ura. A watan Yuni 2002 kotu ta sami kamfanin da laifin hana shari'a aikinta. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005 saboda kuskuren da alƙali ya yi wajen yi wa masu taya shi yanke hukunci bayani, amma ihu ne bayan hari, domin kamfanin da ke da ma'aikata kimanin 85,000 a duniya ya riga ya watse.

A nan ne ainihin ciwon yake, kuma nan ne masu nazarin dokar suka fi yin tsallake. Kafin 2002 oditocin Amurka su ke binciken junansu. Ƙungiyarsu ce ke rubuta ƙa'idojin aikin, kuma bayan shekara uku-uku wani babban kamfani ya duba aikin ɗan'uwansa ya ba shi shaida. Wata guda bayan karyewar Enron aka fitar da irin wannan shaida a kan Andersen, ta ce tsarin aikinsa ya wadatar. Tun a shekarar 2000 shugaban Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari ta Amurka, Arthur Levitt, ya nemi a raba aikin bincike da na ba da shawara, amma manyan kamfanonin suka yi masa ca tare da abokansu a majalisa, dole ya sassauta.

Ko bayan Enron ma an so a yi kwaskwarima a wuce. Daftarin da Majalisar Wakilai ta zartar a watan Afrilu 2002 mai laushi ne, na Sarbanes mai tsauri kuwa yana jan ƙafa a Majalisar Dattijai. Sai ga kamfanin sadarwa na WorldCom ranar 25 ga Yuni ya bayyana cewa ya rubuta kuɗin hidimar yau da kullum har dala miliyan dubu 3.8 a matsayin jarin da aka zuba, domin hasara ta koma riba. Wannan ba wata dabara ce mai zurfi ba, ɗan aji ɗaya a sashen akanta ya san bambancin biyun. Shugabar masu binciken cikin gida, Cynthia Cooper, ita da 'yan tawagarta suka gano abin, suna aiki da dare a ɓoye. Daga baya adadin ya kai wajen dala miliyan dubu 11. Oditan waje a nan ma Andersen ne. Cikin mako biyar dokar da aka yi ta jinkiri a kanta ta fito, zaɓe kuma yana tafe a watan Nuwamba.

Sashen da ya fi suna a dokar shi ne na 302, wanda ya wajabta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗinsa su sa hannu da kansu cewa sun karanta rahoton kuma babu ƙarya a ciki. Sashe na 906 ya tanadi tarar da ta kai dala miliyan 5 da ɗaurin da ya kai shekara 20 ga wanda ya sa hannu a kan ƙarya da gangan. An hana kamfani ba manyansa rance, domin WorldCom ya ranta wa shugabansa, Bernard Ebbers, kimanin dala miliyan 400. An hana odita yi wa kamfanin da yake bincika wasu hidimomi, kamar rubuta masa littattafan da shi ne zai zo ya duba. An ce babban jami'in da ke jagorantar binciken a sauya shi bayan shekara biyar, kuma ɗaukar odita da sallamarsa su koma hannun kwamitin daraktocin da ba ma'aikatan kamfanin ba. An ba ma'aikacin da ya tona asiri kariya. Sashe na 404 kuma ya ce kowace shekara shugabanni su auna ƙarfin matakan da suka kafa a cikin gida don kiyaye lissafi daga kuskure da ha'inci, odita kuma ya tabbatar da abin da suka ce.

Amma a ganin wannan jarida babban abin da dokar ta yi yana babinta na farko ne, inda ta kafa hukuma ta musamman mai sa ido a kan oditoci, wadda ake kira PCAOB a taƙaice. Mutum biyar ne ke jagorancinta, kuma doka ta ce biyu ne kawai za su kasance ƙwararrun akantoci, don kada 'yan sana'ar su rinjaye ta. Kuɗin tafiyar da ita yawanci daga kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ake karɓarsu bisa tilas. Duk kamfanin oditocin da ke bincika fiye da kamfanoni 100 ana shiga ofishinsa kowace shekara, a zaɓi wasu ayyukan da ya gama, a buɗe takardun, a ga ko hujjar da ya tara ta isa ya sa hannun da ya sa. Ƙananan kuma aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku. Sakamakon ana buga shi da sunan kamfani, kowa ya karanta.

Shekarun da suka biyo baya sun ba masu bincike abin dubawa mai yawa, kuma abin da ya fito bai yi wa masu yabon dokar daɗi duka ba, bai kuma yi wa masu zaginta ba. Batun tsada gaskiya ne. Hukumar kasuwar hannun jari ta ƙiyasta a 2003 cewa bin sashe na 404 zai ci wa kamfani kimanin dala 91,000 a shekara, ban da kuɗin odita. Binciken da ƙungiyar manyan jami'an kuɗi ta yi a kan shekarar farko ya nuna manyan kamfanoni sun kashe fiye da dala miliyan 4 kowanne in an haɗa komai. Oditoci, saboda tsoron abin da ya sami Andersen, suka riƙa ƙidayar komai har abin da ba shi da amfani, suna kuma caji. Dole aka sassauta ƙa'idar a 2007, a 2010 aka yafe wa ƙananan kamfanoni tabbatarwar odita, a 2012 aka ba sababbin shiga kasuwa rangwamen da ya kai shekara biyar. A ɗaya gefen kuma, yawan kamfanonin da suka janye lissafinsu suka sake shi ya yi tashin gwauron zabo har ya kai ƙololuwa a 2006, sa'an nan ya riƙa sauka. Watau da aka ɗaga tabarma an sami ƙura mai yawa a ƙarƙashinta, aka share.

Sa hannun shugabanni kuwa, wanda aka fi yi wa kirari, bai zama dodon da aka zata ba. Shugaban kamfani na farko da aka gurfanar da shi a ƙarƙashin dokar shi ne Richard Scrushy na HealthSouth, inda aka ƙara wa riba kimanin dala miliyan dubu 2.7. Tsofaffin manyan jami'an kuɗinsa biyar suka amsa laifi suka ba da shaida a kansa, amma a watan Yuni 2005 kotu ta wanke shi daga dukkan tuhumar, domin tabbatar da cewa mutum ya san ƙarya ce lokacin da ya sa hannu ba ƙaramin aiki ba ne. Ebbers da ya sami shekara 25, da Jeffrey Skilling na Enron da ya sami shekara 24 kafin a rage masa zuwa 14, da tsofaffin dokokin zamba aka ɗaure su. Wani abin dariya ma, sashen da aka rubuta don hana yayyaga takardu an taɓa amfani da shi a kan wani masunci na jihar Florida da ya zubar da ƙananan kifaye a teku don ɓatar da shaida, sai da Kotun Ƙoli ta ce a 2015 kifi ba takarda ba ne.

Babbar jarrabawa ta zo a 2008. Bankin Lehman Brothers, wanda ya karye ranar 15 ga Satumba, yana bin dokar, shugabanninsa suna sa hannu, oditansa yana tabbatarwa. Rahoton mai binciken da kotu ta naɗa ya nuna a 2010 cewa duk ƙarshen wata uku bankin kan kawar da kadarorin da a wasu lokuta suka kai kimanin dala miliyan dubu 50 daga littafinsa na 'yan kwanaki, ya rubuta rance a matsayin sayarwa don bashinsa ya yi kamar ya ragu, in an gama rahoto ya dawo da su. Ba a ɗaure kowa a kan wannan ba. Ita hukumar sa idon kanta ba ta tsira ba: a 2019 aka ci kamfanin KPMG tarar dala miliyan 50 bayan an gano wasu manyansa sun sami jerin ayyukan da za a zo dubawa tun kafin a zo, ta hannun mutanen da suka yi aiki a hukumar. Duk da haka, saboda akwai mai dubawa ne aka san cewa cikin ayyukan da aka duba a 2022 kimanin kashi 40 cikin 100 odita bai tara isasshiyar hujja ba kafin ya sa hannu, a 2023 kuma kashi 46. Wannan ba ya nufin lissafin ƙarya ne. Yana nufin wanda ya ce ya duba bai duba yadda ya kamata ba. Kafin 2002 babu wanda ke da irin wannan adadi, balle ya buga shi. A 2025 an yi yunƙuri a majalisar Amurka na rushe hukumar a mayar da aikinta ƙarƙashin hukumar kasuwar hannun jari, yunƙurin bai kai ga zama doka ba.

Nijeriya ba ta jira aka ba ta labari ba, ta ɗanɗana da bakinta. A ƙarshen 2006 aka gano cewa lissafin kamfanin Cadbury na Nijeriya an kumbura shi da kimanin Naira miliyan dubu 13 cikin 'yan shekaru. Ranar 14 ga Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, watau Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya zuba musu Naira miliyan dubu 420 don kada su rushe da kuɗin jama'a; da aka gama duba sauran bankunan a watan Oktoba kuɗin ceto ya kai miliyan dubu 620. Waɗannan bankuna ne da ba da daɗewa ba suka yi shelar riba, oditoci suka sa hannu, malaman makaranta da 'yan kasuwa da masu jiran fansho suka yi layi suka sayi hannun jarinsu, wasu ma da rance.

Ta fuskar rubuta doka kuwa ba a bar ƙasar nan a baya ba. Dokar Kamfanoni ta 1990 ta riga ta Amurka wajabta kwamitin binciken lissafi a kamfanonin jama'a, har da wakilan masu hannun jari a ciki. Dokar Zuba Jari da Hannun Jari ta 2007, a sassanta na 60 zuwa 63, ta ɗauko sa hannun shugaban kamfani da jami'in kuɗinsa, da auna matakan cikin gida, da tabbatarwar odita, kamar yadda suke a dokar Sarbanes da Oxley. A 2011 aka kafa Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Nijeriya a madadin tsohuwar hukumar tsara ƙa'idojin lissafi, aka ba ta ikon rajistar ƙwararru da duba aikinsu da hukunta su, aka kuma gyara dokarta a 2023. Daga 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma bin ƙa'idojin lissafi na ƙasa da ƙasa. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta sake nanata batun sa hannu a sashe na 405, ta kuma mayar da kwamitin bincike mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktoci. A 2025 sabuwar dokar zuba jari ta maye gurbin ta 2007.

Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin rubutawa da aiwatarwa. Sassan nan na dokar 2007 sai a 2021 hukumar kasuwar hannun jari ta fitar da jagoran yadda za a bi su, kuma sai a lissafin shekarar 2023 aka fara aiki da su sosai. Shekara 16 ke nan, kuma a cikinsu ne bankuna suka durƙushe. Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ita ma ta ɓata lokaci mai tsada a kan wata rigima ta daban: a watan Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da ƙa'idar shugabanci da ta fitar, bayan hayaniyar da ta tashi kan wa'adin shugabannin ƙungiyoyin addini, aka kuma sauke babban sakatarenta, sai a 2018 aka sami wata sabuwar ƙa'ida. Hukumar da babban aikinta shi ne buɗe takardun oditoci ba ta da ƙarfin da za ta raba a kan kowace ƙura.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye, wanda dokar Amurka ba ta da abin cewa a kansa. Kamfanoni da hukumomin gwamnati suna riƙe da dukiya mai yawa, amma Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 85 ga Tarayya da na 125 ga jihohi, bai ba Babban Odita ikon bincika lissafinsu da kansa ba. Abin da aka ba shi shi ne ya miƙa musu jerin oditocin da suka cancanta su zaɓa, ya ba da jagora kan ladan da za a biya, ya yi sharhi a kan rahoton, ya kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Watau wanda za a bincika shi ke zaɓen mai bincikensa, shi ke biyansa, wanda shi ne ainihin zaman Enron da Andersen. Kamfanin mai na ƙasa, wanda aka kafa a 1977, sai a 2020 ya fara buga wa jama'a lissafinsa da odita ya duba. Kamfanonin zuba jari da na gidaje da na sufuri da hukumomin ruwa na jihohi fa, nawa ne cikinsu majalisar dokokin jiharsu ta ga lissafinsu na bara? Akanta ko babban sakataren da aka tura ya wakilci gwamnati a hukumar daraktocin irin waɗannan kamfanoni ba don alawus ɗin zama aka tura shi ba. Haƙƙinsa ne ya nemi wasiƙar da odita ke rubuta wa shugabanni a kan raunin da ya gani, ya karanta ta, ya tambayi abin da aka yi a kan ta shekarar da ta wuce.

Ɗalibai kuma, musamman na manyan makarantu da ke rubuta kundi a kan wannan fanni, lokaci ya yi da za su rage dogaro da takardar tambayoyi da ake raba wa ma'aikatan banki ana tambayarsu ko sun yarda doka tana da amfani. Kowa zai ce ya yarda, kuma ba a ƙaru da komai ba. Rahoton shekara-shekara na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari yana nan a intanet kyauta. A cikin bayanan da ke bin lissafin akwai ladan da aka biya odita, akwai sunansa, akwai cinikin da kamfani ya yi da daraktocinsa da 'yan'uwansu, tun daga rahoton 2023 kuma akwai bayanin shugabanni a kan matakan cikin gida. Ɗalibin da ya zauna ya tattara na kamfanoni talatin ko arba'in, ya ƙidaya nawa ne suka amsa cewa suna da rauni babba, nawa suka ce komai lafiya lau, shekara nawa kowane odita ya yi a wuri ɗaya, kuma wane ne ya janye lissafinsa ya sake, ya yi aikin da malaminsa da ma'aikatar kuɗi da masu kula da fansho za su amfana da shi. Idan ya tarar ba kamfani ko ɗaya da ya taɓa amsa rauni, wannan ma sakamako ne, kuma abin tambaya ne, domin a Amurka ɗaruruwa ne suka amsa a shekarar farko.

Daga Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi kuma abin da jama'a ke da haƙƙin gani kowace shekara a bayyane yake: kamfanonin oditoci nawa ta shiga, ayyuka nawa ta buɗe a kowanne, nawa ta samu hujjarsu ba ta cika ba, da sunan kowane kamfani a gefen adadinsa. Kwamitocin Majalisar Tarayya da ke duba kasafinta su nemi wannan takarda kafin su amince da kuɗin shekara mai zuwa, Hukumar Fansho ta Ƙasa kuma ta umarci masu juya kuɗin ma'aikata su duba ta kafin su sayi hannun jarin kowane kamfani.